Mudun Auna Wuta: Yadda Asara Ta Tsayar da Ƙa'idar Ohm

Lissafin da ake koya wa yaron mai gyaran wuta a farkon shigarsa sana'a bai wuce layi biyu ba. Idan ya san ƙarfin da ke tura wutar, wanda ake aunawa da bolt, ya kuma san yawan wutar da ke ratsa wayar, wanda ake aunawa da amfiya, sai ya raba na farko da na biyu ya sami turjiyar wayar a ma'aunin om. In kuwa ya ninka ɗaya da ɗayan, ƙarfin aikin da na'urar ke ci ne zai fito masa a ma'aunin wat. Dutsen guga mai wat 1000 da aka jona a wutar gida mai bolt 230 yana jan amfiya 4 da 'yan kai, turjiyarsa kuwa wajen om 53 ce. Littattafan makaranta sukan ba da tarihin wannan lissafi a dunƙule: wani malami Bajamushe mai suna Georg Ohm ya gano shi a 1827, manyan masana suka yi masa dariya, daga baya gaskiya ta yi halinta. Labarin yana da daɗin ji, amma ya tsallake wurin da aka yi ainihin aikin. Abin da Ohm ya bari dangantaka ce tsakanin abubuwa uku waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu da yake da ma'aunin da mutum biyu suka yarda da shi. Abin da ya mayar da dangantakar ta zama lissafin da ake yi da alƙaluma shi ne asarar kuɗi, ta farko a ƙarƙashin teku, ta biyu a farashin jan ƙarfe.

Ba za a raina aikin Ohm ba, domin wahalar da ya tsallake ba ƙarama ba ce. An haife shi a Erlangen a 1789, ɗan maƙerin makulli ne wanda ya koya wa 'ya'yansa lissafi da kansa, kuma a lokacin da ya yi gwaje-gwajensa malamin sakandare ne kawai a birnin Kolon. Batirin da Volta ya ƙirƙiro a 1800 shi ne tushen wutar da kowa yake amfani da shi, kuma batiri ne mai saurin gajiya: ana jona shi ƙarfinsa zai fara sauka, ta yadda awon safe ba ya yin daidai da na hantsi. Wannan ya ruɗi Ohm kansa, har takardarsa ta farko ta 1825 ta fito da lissafin da bai yi daidai ba. Poggendorff, editan mujallar kimiyya, shi ya ba shi shawarar ya bar batiri ya koma ga abin da Seebeck ya gano a 1821, wato idan aka haɗa ƙarfe iri biyu, aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka sanyaya ɗayar, wuta na gudana. Ohm ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayar cikin ƙanƙara, ya sami tushen wutar da ba ya rawa. Ya rataye allurar maganaɗisu a kan wayar yana karanta yawan karkatarta, ya bi wayoyin jan ƙarfe takwas masu tsawo daban-daban ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ba shi nasara shi ne ya lura cewa tushen wutar ma yana da tasa turjiyar a cikinsa, wadda dole a tara ta da ta wayar kafin lissafi ya tashi. A 1827 ya buga littafinsa a Balin, ya gina shi a kan tsarin da Fourier ya yi amfani da shi wajen bayyana yadda zafi ke ratsa ƙarfe.

Gaskiya ne littafin bai sami karɓuwa ba da farko. Wani masani mai suna Pohl, mabiyin falsafar Hegel, ya caccake shi, Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon yana sa ran kujerar jami'a, ya ƙare da 'yan koyarwa na wucin gadi a Balin har 1833 da ya sami aiki a Nurembag. Sai dai a ɗora laifin duka a kan hassadar malamai sauƙaƙa magana ne. Masanan zamanin suna ganin wutar da ke taruwa a bakin batiri da wutar da ke gudana a waya abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba, ga shi kuma ba su da wani dalili na gaggawa da zai sa su zauna su tantance. Wanda ya yi kuskure a kan turjiyar waya a 1827 ba abin da zai rasa. Dubi abin da ya faru da Peter Barlow a Ingila, wanda a 1825 ya buga wata ƙa'ida tasa da ba daidai ba, ya kuma yanke hukunci cewa aika saƙo ta waya zuwa nesa ba zai yiwu ba. Maganarsa ta yi shekaru tana sanyaya gwiwar mutane ba tare da an tilasta wa kowa ya sake gwadawa ba. Haka nan Henry Cavendish, wanda tun 1781 ya kusanci wannan dangantaka yana auna wuta da zafin girgizar da take yi wa jikinsa, ya rufe takardunsa a akwati har Maxwell ya buga su a 1879. Ilimin da babu mai bukatarsa haka yake kwana a ajiye.

Mai ja da wannan magana zai ce ai masana sun karɓi Ohm tun kafin 'yan kasuwa su shigo. Fechner ya tabbatar da sakamakonsa a 1831, Pouillet ya sake isa gare shi a Faransa a 1837, Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan ta ba shi lambar Copley a 1841, Wheatstone kuma ya yaba masa a bainar jama'a a 1843. Duk wannan haka yake. Amma a lura da abu biyu. Na farko, Wheatstone ɗan harkar tangaraho ne, shi da Cooke suka yi rajistar na'urarsu a 1837, don haka ba sha'awar ilimi zalla ta kai shi ga littafin Ohm ba, yana da wayoyi masu tsawon mil-mil da yake son sanin batiri nawa za su ci. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, yarda da cewa wuta na ƙaruwa gwargwadon ƙarfin turawa ba ta ba mutum damar faɗin adadi. Wheatstone yana auna turjiya da ƙafa ɗaya ta wata wayar jan ƙarfe mai nauyin da ya zaɓa. Jacobi a Rasha ya yanko tasa wayar ya aika wa abokansa su kwafa. Injiniyoyin Ingila suna magana da mil na waya mai kauri kaza, na Faransa da kilomita na wayar baƙin ƙarfe. Wannan ita ce matsalar mudu: kowa ya yarda buhu biyu sun ninka buhu ɗaya, amma idan mudun wannan kasuwa ya fi na waccan zurfi, ba a iya ƙulla ciniki daga nesa, ba a kuma iya kai ƙara idan an sami tauyewa.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan sakaci shi ne wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin Tekun Atalantika a watan Agusta na 1858, daga Ailan zuwa gaɓar da take cikin Kanada a yau. An yi bukukuwa a ɓangarorin biyu, amma saƙon Sarauniya Biktoriya zuwa ga Shugaba Buchanan, mai kalmomi ƙasa da ɗari, sai da ya ci wajen sa'o'i 16 kafin ya gama isa. Babban ma'aikacin wutar kamfanin da ya shimfiɗa wayar, Wildman Whitehouse, likita ne da ya koma harkar, kuma maganin da ya ga ya dace shi ne a ƙara ƙarfi. Ya tura wa wayar abin da aka kiyasta ya kai bolt 2000, rufinta da dama yake da rauni ya ƙarasa lalacewa, cikin kusan mako uku ta yi shiru. Jim kaɗan wayar Bahar Maliya da aka nufi Indiya da ita ta bi sahu, ita kuwa gwamnatin Birtaniya ce ta tsaya mata lamuni, don haka baitulmali ya ci gaba da biyan masu hannun jari shekara da shekaru a kan wayar da ba ta aiki. Nan hankali ya tashi. Kwamitin binciken da gwamnati da kamfanin wayar Atalantika suka kafa ya fitar da rahotonsa a 1861, kuma abin da ya fito fili shi ne ana sayen kaya ba tare da hanyar tantance ingancinsu ba. Tun kafin a shimfiɗa wayar Atalantika, William Thomson ya gano cewa jan ƙarfen da ake kawowa daga masana'antu daban-daban, kauri ɗaya tsawo ɗaya, turjiyarsa ta sha bamban ƙwarai, Matthiessen kuma ya nuna cewa ɗan gurɓi kaɗan a cikin ƙarfen ya isa ya rage masa iya ɗaukar wuta. Mai sayen waya yana bukatar ya rubuta a yarjejeniya cewa turjiyar kowane mil kada ta wuce kaza, kuma wannan kaza ɗin dole ya zama abin da alƙali zai iya sa a auna.

Akwai wani amfanin da ya fi wannan kusa da aljihu. Wayar da ta lalace a tsakiyar teku ba a ganinta, kuma jirgin gyara da zai yi ta lalube kuɗi yake ci kowace rana. Amma idan an san turjiyar kowane mil tun daga masana'anta, mutum yana zaune a gaɓa zai tura wuta mai ƙarfin da ya sani, ya auna abin da ya ratsa, ya raba, ya sake raba amsar da turjiyar mil ɗaya, ya gaya wa matuƙin jirgi inda zai je ya jefa ƙugiya. Kuskuren kashi biyu cikin ɗari a ma'auni, a wayar da ta kai mil dubu, mil ashirin ne na laluben banza. Shi ya sa a 1861 Ƙungiyar Bunƙasa Kimiyya ta Birtaniya ta kafa kwamitin ma'aunin turjiya, inda aka haɗa masana irin su Thomson da Maxwell da Joule da injiniyoyin waya irin su Fleeming Jenkin. A waccan shekarar ne Latimer Clark da Charles Bright, dukansu mutanen kamfanonin tangaraho, suka kawo shawarar a sa wa ma'aunan sunayen masana. Kwamitin ya fara raba naɗaɗɗun wayoyin ma'auni a 1865, kuma lokacin da jirgin Great Eastern ya shimfiɗa wayar da ta yi nasara a 1866, ana auna turjiyarta babu ƙaƙƙautawa tun daga masana'anta har ta kwanta a ƙasan teku.

Ba a nan rigimar ta ƙare ba, kuma yadda ta ci gaba yana ƙara nuna inda nauyin yake. Werner Siemens, wanda shi ma mai kamfanin waya ne, ya riga ya fito da nasa ma'aunin a 1860: zaiba a cikin bututun gilashi mai tsawon mita ɗaya da faɗin milimita ɗaya murabba'i, a sanyin narkewar ƙanƙara. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin zaiba ruwa ce, ana iya tace ta, kuma kowa na iya haɗa nasa ba sai ya jira saƙo daga Landan ba. Mutanen kwamitin suka nace a kan ma'aunin da aka ciro daga tsawo da nauyi da lokaci, bisa tafarkin Weber, domin shi ne zai sa lissafin wuta ya haɗu da lissafin zafi da na inji. Sun fi shi hangen nesa, amma awonsu ya kuskure. Joule ya auna zafin da wuta ke haifarwa da ma'auninsu, amsar ta saɓa wa wadda ya samu ta hanyar motsa ruwa da fulafulai, daga baya Rowland a Amurka da Rayleigh a Ingila suka nuna cewa om ɗin kwamitin ya gaza da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari. Taron ƙasa da ƙasa da aka yi a birnin Faris a 1881 ya tsayar da om da bolt da amfiya, sannan aka sasanta: ma'anar ta bi tsarin kwamitin, aikin yau da kullum ya bi zaibar Siemens, wadda taron Shikago na 1893 ya tsayar da tsawonta a santimita 106.3. Ƙa'idar Ohm kanta ba a yi mata gwaji mai tsanani ba sai 1876, lokacin da George Chrystal ya yi shi a ƙarƙashin Maxwell a Kambirij, kusan shekara hamsin bayan littafin. An matsa a tabbatar ne saboda an riga an ɗora ma'auni da yarjejeniyoyi a kanta.

Rabin lissafin na biyu, na ƙarfin aiki, shi ma hanyar da ya bi ke nan. James Joule, ɗan masu masana'antar giya a Salford, ya nuna a 1840 zuwa 1841 cewa zafin da waya ke fitarwa yana tafiya da turjiyarta da kuma yawan wutar an ninka shi da kansa, Lenz kuma ya isa ga haka a Rasha ba da daɗewa ba. Ma'anarsa ita ce in wutar da ke ratsa waya ta ninka biyu, zafin da ake asara ya ninka huɗu. Shekara kusan arba'in wannan bai dami kowa sosai ba, domin tangaraho ɗan wuta kaɗan yake ci. Ya zama maganar rai da mutuwa ne ga jari lokacin da Edison ya ƙuduri aniyar ƙwace kasuwar fitilun iskar gas. Shi da mai yi masa lissafi, Francis Upton, sun gane cewa ƙwan fitila mai ƙaramar turjiya zai ja wuta mai yawa, wuta mai yawa kuma tana bukatar wayoyi masu kaurin da kuɗin jan ƙarfensu zai cinye ribar. Don haka abin da suke nema a 1879 ba ƙwai mai haske kawai ba ne, wasu sun riga su yin wannan, ƙwai ne mai turjiya mai yawa wanda zai ba da haske da ɗan amfiya. Duk da haka tasharsa ta titin Pearl a Niyok, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 1882 da bolt 110, ba ta iya kai wuta fiye da kimanin mil ɗaya. A waccan shekarar ce William Siemens ya kawo shawarar ma'aunin wat, aka amince da shi a wani taro a 1889. Kafin a fara sayar da wuta ga gidaje ba wanda ya matsu da sunan abin da za a rubuta a takardar biya.

Mafitar da aka samu daga cikin layin lissafin nan biyu ta fito. Tunda ƙarfin aiki bolt ne sau amfiya, ana iya aika adadin wat ɗin da ake so da bolt mai yawa da amfiya kaɗan, kuma in an ninka bolt sau goma asarar hanya za ta koma kashi ɗaya cikin ɗari na yadda take. Taransifoma ita ce ta sa wannan ya yiwu, ita kuwa da wuta mai kai-komo take aiki, wanda shi ya ba tsarin Westinghouse galaba a kan na Edison. A 1891 aka kai wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kilomita 175. Wannan lissafi ne ya sa wutar madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, take hawa layin bolt 330,000 kafin ta iso Kaduna da Kano, ya sa layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai yake ɗauke da bolt 132,000. Shi ne kuma yake bayyana abin da matan gida suka sani ba tare da alƙalami ba: ranar da wuta ta zo da rauni, ta sauka daga bolt 230 zuwa 160, dutsen guga ba kashi uku cikin goma na zafinsa yake rasawa ba, fiye da rabi yake rasawa. Mai haɗa sola ma a nan yake cin riba ko ya ƙona waya, domin wat 1000 a kan batirin bolt 12 amfiya 83 ne, a kan bolt 48 kuwa bai wuce 21 ba.

Saura ƙorafi ɗaya mai ƙwari, wanda yakan fito daga bakin masana kimiyya: cewa abin da aka gina duk wannan a kansa ba ƙa'idar halitta ba ce ta gaskiya, hali ne na wasu abubuwa a wani yanayi. Suna da hujja. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 turjiyarsa om 529 ce idan ya yi zafi, amma a sanyi ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, shi ya sa yake yawan mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi. Ƙananan kayan da ke cikin wayar hannu da cajarta ba sa bin layin Ohm ko kaɗan. A wuta mai kai-komo kuma, in injin ruwa ko firji ne a kan layi, bolt sau amfiya yakan fi ainihin wat ɗin da ake ci, wanda shi ya sa ake rubuta ƙarfin janareta da KVA, mai saye ya ɗauka wat ne ya jibga masa kaya. Amma wannan ƙorafi, in an bi shi, ƙarfafa maganar yake yi. Da a ce darajar ƙa'idar tana ga kasancewarta gaskiya a ko'ina, da ta faɗi tun da aka gano iyakarta. Ta tsaya ne saboda tana aiki daram a kan abin da aka zuba wa jari, wato wayar ƙarfe a zafin da bai cika sauyawa ba, kuma saboda ma'aunan da aka tsayar dominta su ne ake auna kaucewar da su. Ba a iya cewa turjiyar ƙwai ta ninka goma sai an riga an yarda da mene ne om ɗaya.

Ita kanta zaibar ba ta dawwama ba. A 1948 aka ajiye ta aka koma ga ma'anar da kwamitin 1861 ya so tun farko, domin kayan awo sun kai ga iya riƙe ta. A 1980 Klaus von Klitzing ya gano cewa a tsananin sanyi da ƙarfin maganaɗisu, turjiyar wani siririn shimfiɗi na lantarki tana tsayawa a kan adadi guda, kimanin om 25,813, ko a wace ƙasa aka yi gwajin. Daga 1990 ɗakunan awo na ƙasashe suka koma tantance om ɗinsu da wannan, kuma sauyin da aka yi wa tsarin ma'aunai na duniya a 2019 ya ɗaure adadin da abubuwa biyu tabbatattu na halitta, cajin ƙwayar lantarki ɗaya da adadin Planck.